Kwamfuta ta ce alfalfata za ta ba da tan 24 a hekta: in yarda?

Tambayar ta zo ne daga wani mai kiwon shanun madara a yankin Kura ta jihar Kano. Yana so ya shuka alfalfa, wata ciyawar dabbobi dangin wake da ake yanka ta sake toho, hekta 5 da ruwan rani. Wanda ya rubuta masa tsarin aikin ya nuna masa sakamakon wata manhajar kwamfuta da ke cewa kowace hekta za ta ba da tan 24 na busasshiyar ciyawa a shekara, yanka 11, har tsawon shekara huɗu. Yana son sanin yadda manhajar ta gano wannan, da kuma ko zai iya ɗora bashin banki a kai.

Alhaji, takardar da aka ba ka lissafi uku ne aka haɗa wuri guda, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Lissafin ruwan da gonar za ta sha ka riƙe shi, domin nan ne waɗannan manhajoji suka fi ƙwarewa. Lissafin tan ka rage masa. Na shekara huɗu kuwa ka ajiye shi gefe tukuna, sai ƙasarka ta yi magana.

Abin da manhajar ke yi ba duba ba ne. Littafin shige da fice take rubutawa kowace rana. Ana ba ta yanayin kullum: zafi, hasken rana, iska, laima da ruwan sama. Ana ba ta irin ƙasar da zurfinta da yawan ruwan da take iya riƙewa, sannan halayen shukar, da ranakun ban-ruwa da na yanka. Daga nan sai ta bi rana ɗaya bayan ɗaya tana lissafa ruwan da ya shiga ƙasa, wanda ya fita, yadda ganye ya rufe fili, da nauyin da shukar ta ƙara. Tun wajen 1975 aka soma yi wa alfalfa irin wannan a Amurka, da SIMED ta Jami'ar Purdue da ALSIM ta Gary Fick a Cornell. Yau ana amfani da APSIM ta Ostareliya, da DSSAT, da CropSyst, da kuma AquaCrop ta hukumar abinci ta duniya, FAO, wadda ta fito a 2009 amma sai a zubi na 7, a 2022, aka sa mata yadda za ta bi ciyawar da ake yanka ta sake toho shekara da shekaru. Ka lura da inda aka haifi yawancinsu. Ƙasashe ne masu lokacin sanyi na gaske. Wannan zai dawo mana a gaba.

Mu fara da ruwa. Akwai ma'aunin ƙishin iska, wato yawan ruwan da fili mai gajeriyar ciyawa, wanda bai rasa ruwa ba, zai yi asara a rana ta hanyar tururi da gumin ganye. Ana rubuta shi ETo, da milimita. Sai a ninka shi da wata lamba ta shukar da ake nomawa. Littafin FAO mai lamba 56 na 1998 ya ba alfalfa 0.40 a kwanakin farko bayan yanka, lokacin da fili ya zama kusan tsirara, sai ta hau zuwa 1.20 idan ganye ya rufe. In aka daidaita hawa da saukan, matsakaicin yana kusa da 0.95. Mu ɗauka a Janairu ƙishin iska milimita 5 ne a rana. Zagaye ɗaya na kwana 30 zai sha kamar milimita 142, wato mita kubik 1,420 a hekta. A Afrilu, in ya kai milimita 7, zagayen zai sha kusan milimita 200. Wannan abin da shukar ta sha ke nan, ba abin da inji ya zuƙo ba. Ban-ruwan fangali da ake sakin ruwa ya malala, in kashi 60 cikin ɗari ya amfani saiwa an yi ƙoƙari. Ke nan hekta 5 a tsakiyar bazara na buƙatar fiye da mita kubik 550 kullum. Injin da ke ba da mita kubik 40 a awa zai yi awa 14 yana ruri, ko ranar Juma'a babu hutu. Kuma wannan in ka raba gonar kashi huɗu kana yanka kashi ɗaya kowane mako ne. In ka bari duk ta cika ganye lokaci guda, buƙatar ta fi haka. Ka duba ko takardarka ta sa kuɗin man wannan, da kuma ranakun da ake rufe magudanar ruwa don gyara.

Tazarar ban-ruwa ma daga wannan lissafin take fitowa. Ƙasar jigawa mai ɗan laka tana riƙe kamar milimita 100 na ruwan da saiwa ke iya sha a kowace mita ta zurfi. Alfalfa tana fara jin jiki idan ta shanye kashi 55 cikin ɗari na wannan. In saiwarta ta kai mita ɗaya, tana da milimita 55 ke nan, abin mako guda a bazara. Littattafai kan ce saiwar alfalfa na kai mita 2 ko fiye, kuma gaskiya ne, amma a ƙasa mai zurfi da babu tsandauri ko marmara a ƙarƙashi. Wanda ya bar mita 2 a manhaja alhali ƙasarka tana da tauri a santimita 60, ya ba gonarka ruwan da ba ta da shi. Haƙa rami biyu ko uku ya fi duk wani zato.

Daga ruwa ake zuwa nauyi. An daɗe da gano cewa ciyawar da alfalfa ke tarawa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan da ya bi ta ganyenta, kusan a miƙe. AquaCrop a kan wannan aka gina ta: kowace rana tana raba gumin ganye da ƙishin iska, ta tara sakamakon, ta ninka da wata lamba da ke tsakanin giram 15 zuwa 20 a murabba'in mita ga shuke-shuke irin su alfalfa da wake da alkama. Masara da dawa nasu ya kai 30 zuwa 35, abin da ya sa suka fi ta arahar ruwa nesa ba kusa ba. Ɗauki 15, kwana 30, matsakaicin rabo 0.8, za ka samu giram 360 a murabba'in mita, wato tan 3.6 a hekta. Wannan shi ne iyakar abin da za a iya samu, kafin a cire rabon saiwa da duk wata matsala. Abin lura a nan shi ne rabawar da aka yi da ƙishin iska. Ma'anarta, ƙarin milimita 58 ɗin da ka zuba a Afrilu bai saya maka ko kilo ɗaya na ƙarin ciyawa ba, iska ce ta shanye. Tan ɗin bazara ya fi tan ɗin hunturu tsada tun kafin zafi ya fara rage shi.

Inda alfalfa ta bambanta da masara, kuma inda manhajoji suka fi yin tuntuɓe, shi ne ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta da gindinta rumbu ne. Ranar da lauje ya wuce, babu ganyen da zai sarrafa hasken rana, don haka sabon toho daga ajiyar sitaci da furotin na saiwa yake ci. Ajiyar tana raguwa har mako biyu zuwa uku, sai tsiron ya kai kamar taƙi guda sannan ya soma mayarwa, kuma ba ta cika sai wajen fure. Wanda ke yanka kowane kwana 21 domin ciyawar ta fi laushi, zai ji daɗin yanka uku ko huɗu, sannan ya ga toho na fitowa siriri, gindi na mutuwa ɗaya-ɗaya, ciyawar banza na cike gurbi. Shi ya sa ake jira sai kamar kashi ɗaya cikin goma na karan sun buɗe fure. Manhajar da ba ta riƙe lissafin wannan ajiya ba za ta nuna maka cewa yawan yanka riba ce zalla.

To yaushe shukar ke tura abinci ƙasa, yaushe take turo shi sama? A ƙasashen sanyi tsawon yini ne ke faɗa mata. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Niyuzilan, su Derrick Moot, sun nuna cewa idan yini na ƙaruwa alfalfa tana zuba ƙarfinta a kara da ganye, idan kuma ya soma raguwa sai ta karkata ga saiwa tana shirin sanyi. Can bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta ya wuce awa shida. A Kano bai kai awa ɗaya da rabi ba. Dokar da aka ɗinka wa wancan yanayi, in aka kawo ta nan yadda take, za ta ba da lamba, amma lambar ba ta da tushe. Haka nan iri. Ana jera irin alfalfa daga 1 zuwa 11 bisa yadda suke kwanciya lokacin sanyi. Na 3 ko 4 da ake nomawa a arewacin Amurka suna da jinkirin toho bayan yanka. Wanda ya dace da mu shi ne na 8 zuwa sama, irin su CUF 101 na Kalifoniya mai lamba 9, ko Hijazi da manoman Sudan suka daɗe suna nomawa a bakin Nilu suna kai wa masu shanu a Khartum. Ka tambayi mai takardarka wane iri ya gaya wa manhajar, kuma wane iri zai sayo maka. Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Sai zafi. Alfalfa ta fi jin daɗi a wajen digiri 25, kuma girmanta na faɗuwa sosai in aka wuce 30. Hunturunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacinta ne. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu kuwa, da rana 38 zuwa 40 ne, dare ma ba ya hucewa. Manhaja tana lissafa shekarun shuka da tarin zafi, yawanci abin da ya haura digiri 5 a kowace rana, don haka a bazara shukar kan tsufa da wuri. Ta yi fure tana gajera, karanta siriri, da dare kuma ta ƙona rabon da ta tara da rana. Ko a kwarin Imperial na Kalifoniya da kuma jihar Arizona a Amurka, inda ake yanka takwas zuwa goma a shekara da kayan aiki na zamani, kowane manomi ya san yankan tsakiyar zafi ba ya auki. Akwai kuma wata illa da ba na jin ko manhaja ɗaya ta kama ta daidai: in aka sake ruwa a gonar da aka yanka kwanan nan, ya kwanta sa'o'i da yawa cikin zafin da ya haura 38, gindin kan dahu ya mutu. A bazara a yi ban-ruwa da yamma ko da dare, a bar toho ya ɗan fito, kuma kada ruwa ya kwana a fangali.

Damina ce babbar jarrabawa, kuma ita ce dalilin da ya sa na ce ka ajiye maganar shekara huɗu. Alfalfa ta tashi ne a busassun ƙasashen yankin Iran, tana son ruwa a saiwa da busasshiyar iska a ganye. Agustan Kano akasin haka ne. Ƙasa ta jiƙe har ta daina numfashi, saiwa ta ruɓe, tabon ganye ya yaɗu, ciyayin damina masu son zafi su yi mata rumfa. Manhaja takan rage girma a kwanakin da ruwa ya cika ƙasa, amma da ya janye sai ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ba ta san cuta ba, ba ta san kwari ba, ba ta san gindin da ya ruɓe ba ya dawowa ba. AquaCrop tana da gurbin da ake sa yadda shuka ke raguwa shekara bayan shekara, sai dai mutum ne ke cika gurbin da hannunsa. Wace lamba ya sa, kuma daga wace gona ya samo ta? In fadama ce gonarka ko laka mai riƙe ruwa, ni ba zan sa shekara ta biyu a lissafin banki ba sam. In tudu ce mai tsane ruwa kuma an yi kunya, akwai fata.

Ƙarfin ƙasa ma yawanci ana barinsa a "babu matsala", domin haka manhajar ke zuwa. Kowane tan na busasshiyar alfalfa yana kwashe sinadaran taki daga ƙasa, kamar kilo 25 na fotash da kilo 6 zuwa 7 na fosfet. Tan 24 ke nan kilo 600 na fotash daga hekta ɗaya a shekara, kuma yawancin ƙasashen savana da ma fosfet ya yi musu ƙaranci. Tana son ma'aunin tsamin ƙasa tsakanin 6.5 da 7.5. Nitirojin kuwa da kanta take samarwa, amma sai da ƙwayoyin halittar da ke yi mata ƙulli a saiwa, waɗanda ba irin na wake da gyaɗa ba ne, don haka a gonar da ba a taɓa shuka ta ba dole a cuɗa su da iri. Gishiri shi kaɗai ne ke da ƙa'ida tsayayya: bisa aikin masana Maas da Hoffman na 1977, alfalfa ba ta damuwa har zuwa 2 a ma'aunin gishirin ƙasa (dS/m), daga nan kowane ƙarin ɗaya yana cin kashi 7.3 cikin ɗari. A 4 ka rasa kusan kashi 15. Filayen da suka daɗe ana ban-ruwa ba tare da magudanar fitar da ruwa ba, in ka ga fari-farin kanwa a bakin fangali, a kai ƙasar ɗakin gwaji kafin a sayi iri.

Sa'udiyya darasi ce ta wani gefen. Can tan ɗin ya fito yadda aka lissafa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya ƙi. A ƙarshen 2015 gwamnati ta yanke shawarar hana noman ɗanyar ciyawa a manyan gonaki, dokar ta kama aiki a 2018, kamfanin madara na Almarai kuma tun 2014 ya sayi fili a Arizona yana noma alfalfa yana aikawa gida, har a 2023 hukumomin jihar suka soke wasu hayar filayen saboda rigimar ruwan. Manhajar gona ɗaya tana ɗauka ruwa na nan duk ranar da aka nema.

Yanzu abin yi. Kada ka fara da hekta 5. Shuka kwata ko rabin hekta a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ka bi ta shekara guda cur, ta ga Afrilu ta ga Agusta. Yankan farko zai ɗauki wata biyu ko fiye domin shukar tana gina saiwa, kuma a tabbata manhajar ta bambance shi da na toho. A kowane yanka a jefa firam na ƙarfe mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi a wurare huɗu ko biyar, ba inda ya fi kyau a ido ba. A yanka a bar santimita 5 zuwa 7, a auna ɗanye, a ɗebi kilo ɗaya a busar har nauyi ya daina sauka, a sake aunawa. A rubuta kwanan wata, tsayi, da yawan fure. A ƙirga kara: ƙa'idar da ake bi a jihar Wisconsin ta Amurka ita ce kara kusan 590 a murabba'in mita ba su rage amfani, ƙasa da 430 kuwa gonar ta kusa ƙarewa. Lambar tasu ce, amma saukar taka daga wata zuwa wata ita ce labarin. Rufin ganye ana auna shi da hoton waya ta manhajar Canopeo. Ruwan inji kuma da duro da agogo: daƙiƙa nawa yake cika lita 200, sannan awa nawa ya yi aiki. Yawancin gwaje-gwajen da ke lalacewa a nan suke lalacewa, an auna ciyawa da kyau amma ba wanda ya san ruwan da aka zuba.

Bayanan yanayi ana samu daga NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, a Nijar daga cibiyar AGRHYMET ta Yamai, ko kyauta daga NASA POWER ta intanet, wadda ke amfani da tauraron ɗan'adam. Na tauraron ɗan'adam suna iya kuskuren hasken rana a kwanakin ƙurar hunturu, na tashoshin auna yanayi da ke filin jirgi kuma sukan nuna iskar ta fi ta tsakiyar gonakin ban-ruwa bushewa. Ƙaramin ma'aunin zafi da na ruwan sama a gonar kanta suna gyara da yawa.

Idan yanka ya taru, rabi ake gyara manhajar da shi, a ɓoye rabi a gani ko za ta cinka. Kuma a kwatanta yanka da yanka, ba jimillar shekara ba. Manhaja na iya rage na Janairu, ta ƙara na Afrilu, jimilla ta fito daidai, alhali duk biyun kuskure ne. Duk wanda ya nuna maka jimilla kaɗai, ka nemi ganin ta wata-wata.

Ko bayan an gyara, lambar da take bayarwa ta ciyawar da ke tsaye a gona ce, busasshen nauyi. Ɗanyar alfalfa kusan kashi huɗu cikin biyar ruwa ce, don haka tan 24 busasshe kusan tan 120 ne ɗanye, a tabbata ba a gauraya su ba wajen sa farashi. Sannan kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗinta a ganye yake, ganyen kuma shi ke fara kakkaɓewa in an shanya ta a rana ana juyawa da tsakar yini. Furotin na kashi 18 zuwa 22 da ake yabonta da shi na wadda aka ɗaure da sassafe da sauran laima ne, ko aka ƙarasa busarwa a inuwa. In ɗanya za ka ba shanu, a bar ta ta yi yaushi, a fara da kaɗan bayan sun ci busasshen abu, saboda kumburin ciki.

Inda manhajar za ta biya ka kuɗinta shi ne kwatanta zaɓi. Ban-ruwa kowane kwana 7 ko kowane 10? Yanka a kwana 28 ko 35? A rage ruwa a Afrilu da Mayu, tunda lokacin tan ya fi tsada? Gwaje-gwajen Arizona da Kalifoniya sun nuna alfalfa na iya kwanciya in an yanke mata ruwa a zafi ta farfaɗo daga baya, amma a ƙasar yashi an yi asarar gindi, don haka wannan ma sai an gwada a ɗan yanki. A irin waɗannan tambayoyi kuskuren manhajar yana faɗa wa ɓangarorin biyu daidai, bambancin da ke tsakaninsu kuma ya fi kowace lamba ita kaɗai aminci.

Ga banki kuwa, ka sa a sake gudanar da lissafin a kan mafi munin hali: shuka a Nuwamba, yanka biyar ko shida zuwa Mayu, damina ta cinye gonar, a sake sayen iri kowace shekara. A gefe a sa abin da wannan ruwan da wannan man za su ba ka in ka noma lablab, wani waken da ake nomawa don dabbobi, ko masarar da ake yankawa ɗanya, ko wake mai yawan harawa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan lablab da sauran ciyayin kiwo, ka je da sakamakon gwajin ƙasarka su duba tare da kai. In alfalfa ta ci riba a wannan lissafin, ka ƙara hekta ɗaya a shekara ta biyu, a wani filin dabam, domin ba ta son a sake shuka ta nan take a inda tsohuwarta ta mutu.